Daga Zauren Majalisa Zuwa Kujerar Ƙaramar Minista: A Ina Hanyar Mace Ke Toshewa?

A watan Agustan 2023 aka rantsar da Dakta Mariya Mahmoud Bunkure, 'yar Kano, a matsayin ƙaramar ministar Babban Birnin Tarayya. A garambawul ɗin Oktoban 2024 kuma sunan Dakta Suwaiba Sa'id Ahmad, 'yar Jigawa, ya fito a matsayin ƙaramar ministar ilimi. Tun daga lokacin, ko a majalisar dattijai a gindin darbejiya bayan la'asar, ko a tsakanin mata a gidan suna, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ƙaramar minista ce gaba da ɗan majalisar tarayya, ko shi ne gaba da ita? Tunda 'yar gida ce, tana da ikon sa a yi mana titi ko a gyara asibitin sha-ka-tafi? Ana cikin haka sai gidajen rediyo suka ɗauki zancen ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman a majalisa, magana ta ƙara cakuɗewa.

Matan nan biyu duk naɗa su aka yi, babu wadda ta bi ta akwatin zaɓe. A zaɓen 2023 majalisar dokokin Kano mai kujeru 40 ba ta samu mace ko ɗaya ba, haka ma ta Jigawa mai kujeru 30. Kujeru 24 na Kano da 11 na Jigawa a Majalisar Wakilai su ma maza ne suka cike su. Ke nan jihohin da ke da mata a teburin Majalisar Zartarwa ta Tarayya ba su da mace a zauren da ake yin doka. Don a gane yadda aka yi haka, ya fi sauƙi a bi sawun macen da ta zauna a kujerun biyu.

Kujeru biyu, kowace da tushenta

'Yar majalisa jama'ar mazaɓarta ne ke ɗora ta, na tsawon shekara huɗu. Aikinta uku ne: yin doka, duba kasafin kuɗi da amincewa da shi, sai sa ido kan ma'aikatu, wanda sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisa. Shugaban ƙasa ba shi da ikon korarta. Kotu na iya karɓe kujerar, jama'a kuma na iya yi mata kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, abin da ke da matuƙar wuya.

Minista kuwa sashe na 147 ne ya yi bayaninsa. Shugaban ƙasa ya zaɓo, Majalisar Dattawa ta tantance, kuma dole kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya ɗan asalinta. Wanda ya naɗa shi ke da ikon sallama, kowace rana, ba sai ya faɗi dalili ba. Idan ɗan majalisa aka naɗa, ranar da ya sha rantsuwa kujerarsa ta majalisa ta faɗi, sai a yi zaɓen cike gurbi. Ba a riƙe biyun tare.

Kalmar “ƙaramin minista” babu ita a kundin tsarin mulki. Kowa da sunan minista ake tantance shi, sai wajen rabon ma'aikatu shugaban ƙasa ya ce wane babba, wane ƙarami. Dalilin al'adar bai ɓuya ba: jihohi 36 ne, ma'aikatu ba su kai haka ba, sai a sa mutum biyu a gida ɗaya. Festus Keyamo, wanda ya riƙe ƙaramin ministan ƙwadago, ya faɗa a bainar jama'a a watan Mayun 2023 cewa muƙamin ya saɓa wa tsarin mulki, domin yawanci mai riƙe da shi ba ya yanke hukunci da kansa. Nauyin kujerar ya dogara da abin da aka miƙa wa mai ita. A ma'aikatar man fetur, inda Buhari da Tinubu suka riƙe wa kansu babbar kujerar, ƙaramin minista ke tafiyar da aikin yau da kullum. A wata ma'aikatar kuwa, takarda ba ta wucewa sai babban minista ya sa hannu, kuɗi kuma a hannun babban sakatare suke, shi ne doka ta ɗora wa alhakin lissafi.

Saboda haka tambayar wa ke gaba da wani ba ta da amsa guda. Minista na kusa da inda ake kashe kuɗi. 'Yar majalisa na da ikon gayyato ministan gaban kwamiti ya yi bayani.

Tafiyar Hajiya Khadija

Yobe maƙwabciyar Jigawa ce ta gabas, mutanen Birniwa da Guri sun san hanyar kasuwar Nguru kamar tafin hannunsu. A can ne Hajiya Khadija Bukar Abba Ibrahim ta yi siyasarta. Mahaifinta shi ne Alhaji Waziri Ibrahim, wanda ya kafa jam'iyyar GNPP a Jamhuriya ta Biyu, mai taken “siyasa ba da gaba ba”. Mijinta, marigayi Bukar Abba Ibrahim, ya yi gwamnan Yobe daga 1992 zuwa 1993, ya sake yi daga 1999 zuwa 2007, daga nan ya tafi Majalisar Dattawa.

Ta fara da muƙamin kwamishina a gwamnatin jihar. A 2007 ta ci kujerar Majalisar Wakilai ta Damaturu, Gujba, Gulani da Tarmuwa a ƙarƙashin ANPP, ta sake ci a 2011 da 2015. Mazaɓar ba mai sauƙi ba ce a waɗannan shekarun. A cikinta Buni Yadi take, inda Boko Haram ta kashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya a watan Fabrairun 2014. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya rantsar da ita ƙaramar ministar harkokin waje, tare da Geoffrey Onyeama a matsayin babban minista, ta bar kujerar majalisa kamar yadda doka ta tanada.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ta fita. A Oktoban 2018 ta shiga zaɓen fidda gwani na APC don neman tsohuwar kujerarta, abokin takararta ɗan mijinta ne, ta kayar da shi da rata mai yawa. A Janairun 2019 ta ajiye muƙamin minista, ta koma majalisa, ta sake ci a 2023. A ƙauye, inda ake ganin minista da jiniya da tuta, mutane za su ce wannan saukowa ce. Lissafin 'yan siyasa daban yake. Kayan aro ba ya rufe katara. Kujerar naɗi tana ƙarewa ranar da mai naɗin ya sauka ko ya sauya ra'ayi, kuma aikin ma'aikatar harkokin waje, na jakadu da tarukan ƙasa da ƙasa, ba shi da abin da mutumin Gulani zai gani da idonsa. Kujerar zaɓe kuwa tana zuwa da mazaɓa da magoya baya da murya a cikin jam'iyya, abubuwan da ke raya ɗan siyasa shekara da shekaru.

Ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Gbemisola Saraki ta Kwara ta yi Majalisar Wakilai daga 1999, ta yi sanata daga 2003 zuwa 2011, sannan ta zama ƙaramar ministar sufuri a 2019. 'Yar Olusola Saraki ce, uban siyasar Ilorin. Nkeiruka Onyejeocha ta Abia ta shafe shekara 16 a Majalisar Wakilai, ta faɗi zaɓen 2023, aka naɗa ta ƙaramar ministar ƙwadago a watan Agustan shekarar.

Sunan gida ya taimaki biyu daga cikin ukun nan, wannan ba abin musu ba ne. Amma suna kaɗai ba ya cin zaɓe sau biyar, kuma 'ya'yan manya maza ma suna cin gadon siyasa. Bambancin yana ga wanda ba shi da gida. Namiji ɗan talaka na iya farawa daga mai liƙa fosta, ya zama shugaban matasa, ya zama kansila, ya haura. Ga mace 'yar talaka, wannan tsani a mafi yawan ƙananan hukumominmu yana tsayawa ne a kujerar “shugabar mata”.

Daga ina aka faro

Matan kudancin Najeriya sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959. Matan Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka ba su dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Gyatumar da ta haura shekara 75 a ƙauyenmu sai da ta yi aure ta haihu kafin doka ta yarda ta riƙe katin zaɓe. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan NEPU ta Malam Aminu Kano, ta sha ɗauri da duka kan wannan haƙƙi, daga baya kuma ta zama jigo a GNPP ɗin Waziri Ibrahim. Ƙuri'ar ta samu, mata suka rungume ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe a karkarar Kano ko Jigawa ya san tsawon layin mata, da goyo, cikin rana. Sunan mace a takardar ƙuri'ar ne ya rage.

Zaɓen fidda gwani

Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin ƙauye ba ya samun damar ƙin mace ko zaɓenta a ranar zaɓe, domin tun watanni kafin nan an gama magana. Doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ta tsayar da mutum, a zaɓen 2023 kuma hanyoyi uku jam'iyyu suka bi: daliget, ko 'yar tinƙe, ko masalaha.

A 2022 fom ɗin takarar Majalisar Wakilai a APC naira miliyan 10 ne, na sanata miliyan 20, na majalisar jiha miliyan 2. Manyan jam'iyyu sun yafe wa mata kaso mafi tsoka na kuɗin fom, ana kuma yawan kafa hujja da wannan. Sai dai fom shi ne ƙaramin abu a cikin kashe-kashen. A waccan shekarar APC ta yi amfani da daliget biyar daga kowace mazaɓar kansila. Mazaɓar tarayya mai kansiloli 20 ke nan mutum 100 ne ke yanke wa dubban ɗaruruwan jama'a wanda zai tsaya. Su wa ke rubuta sunayen mutum ɗarin nan? Shugabannin jam'iyya na mazaɓa da na ƙaramar hukuma, su kuma suna kallon bakin gwamna ko wani ubangida. A cikin shugabannin nan, kujera ɗaya ce aka saba bar wa mace, aikinta tara mata ranar gangami da rabon atamfa da taliya da sabulu.

Sai lokacin taro. Masalaha da dare ake yinta, a gidan jagora ko a ɗakin otal a birni, wani lokaci har ƙarfe biyu. Matar aure daga ƙauyen Gaya ko Gwaram da ta halarci irin wannan zama ta san abin da gari zai waye yana faɗi a kanta, wadda ba ta halarta ba kuma da safe za ta ji an raba kujeru. Ga 'yan jagaliya, waɗanda ɗan takara namiji ke ɗauka a matsayin wani ɓangare na tafiya. Ga ƙazafi, makamin da ya fi saurin rusa mace, domin yana taɓa mijinta da iyayenta da 'ya'yanta tun kafin ya iso kanta, kuma sau da yawa su ne ke cewa “Hajiya, ki haƙura”. Idan an aurar da ita wata ƙaramar hukuma ko wata jiha, a garin miji a ce baƙuwa ce, a garinsu a ce ta tafi.

Naɗi ba ya bin ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi. Mutum ɗaya ko biyu ne ke yanke shawara, takardun ilimi suna da tasiri, ba a buƙatar daliget. Shi ya sa likita ko malamar jami'a ke iya zama kwamishina ko minista a jihar da ba ta da mace a majalisa. Rauninsa ma daga nan yake. A watan Agustan 2023 sunan Maryam Shetty ne aka fara aika wa Majalisar Dattawa daga Kano, aka janye shi kafin a tantance ta, aka maye gurbinsa da na Dakta Mariya.

Abin da ƙudurin kujeru na musamman ya ƙunsa

Onyejeocha ce ta jagoranci yunƙurin farko tana majalisa, na ƙara kujeru 111 na mata zalla a Majalisar Tarayya. Ranar 1 ga Maris 2022 aka kayar da shi: a Majalisar Wakilai 81 suka goyi baya, 208 suka ƙi, a Majalisar Dattawa 30 da 58. Tare da shi aka yi watsi da wasu ƙudurori huɗu, har da wanda zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar. Mata sun yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa.

Zaɓen 2023 ya kawo mata uku a cikin sanatoci 109, kotu ta ƙara ta huɗu, Natasha Akpoti-Uduaghan. A cikin wakilai 360 mata ba su kai 20 ba. Mataimakin Kakakin Majalisa Benjamin Kalu da wasu suka dawo da maganar, ƙudurin ya wuce karatu na biyu a watan Yulin 2024. Yadda aka gabatar da shi, kowace jiha da Abuja za su samu ƙarin sanata mace ɗaya da 'yar Majalisar Wakilai ɗaya, jimilla 74, sai ƙarin kujeru uku a kowace majalisar jiha, ɗaya daga kowace shiyyar sanata, jimilla 108. Babu namijin da za a karɓe wa kujera, mata na da damar neman sauran kujerun kamar da, kuma an tanadi a sake duba tsarin bayan shekara 16.

Masu so da masu ƙi

Magoya baya na cewa an gwada lallashi bai yi aiki ba. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta yi alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci a aiwatar da shi a watan Afrilun 2022, har yanzu ba a kai ko kusa ba. Suna nuni da Ruwanda, inda aka ware wa mata kujeru 24 cikin 80, da Kenya, inda kowace gunduma cikin 47 ke zaɓen wakiliya mace.

Masu adawa ba bakinsu ɗaya ba. Wasu kuɗi suke dubawa: daga 'yan majalisa 469 zuwa 543, kowa da albashi da alawus da mota, a lokacin da manomi ke kukan farashin taki. Wasu lauyoyi na cewa kujerar da aka hana namiji nema ta ci karo da sashe na 42 da ya haramta nuna bambancin jinsi, magoya baya kuma su amsa da cewa ai don haka ake gyara kundin kansa. A nan yankinmu akwai hujjar addini, kuma malamai sun rabu. Wasu na ɗaukar hadisin da ya yi magana kan mutanen da suka ɗora mace a kan al'amarinsu a matsayin wanda ya shafi kowane irin shugabanci. Wasu na taƙaita shi ga shugabancin ƙoli, suna ganin majalisa wurin shawara da wakilci ne, ba wurin zartarwa ba. Yobe da Borno, jihohin Musulmi kamar namu, sun aika mata uku Majalisar Wakilai a 2023.

Akwai kuma mata 'yan siyasa da ke son a ƙara wakilci amma suna shakkar wannan hanya. Tsoronsu shi ne jam'iyyu su riƙa cewa duk macen da ta nemi kujerar gama-gari “ai ga taku can an ware muku”. Sun fi son a tilasta wa jam'iyyu tsayar da mata, kamar Jamhuriyar Nijar, wadda ta fara da kashi 10 cikin ɗari a 2000, ta kai 15 a 2014, ta kai 25 a 2019. Sai dai a Nijar, kafin juyin mulkin 2023, jam'iyya jerin sunaye take gabatarwa a kowace jiha, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'a, don haka saka mace a jerin abu ne mai sauƙi. A Najeriya kowace mazaɓa mutum ɗaya take fitarwa, sai an yi rigimar wace mazaɓa ce za ta bar tata.

Me zai iso ƙauye?

Girman mazaɓar shi ne abin da aka fi mantawa. Macen da ke neman kujerar musamman ta tarayya a Kano sai ta zagaya ƙananan hukumomi 44 da mazaɓun kansila 484, ta Jigawa kuma 27 da 287, daidai da mai neman gwamna. Ko kujerar majalisar jiha, ta Kano ta Kudu kaɗai ƙananan hukumomi 16 ce. Wadda za ta iya wannan tafiya sai mai kuɗi ko mai gwamna a bayanta. Muddin daliget ɗin nan ne za su fitar da 'yar takara, ƙofar da ta toshe tana nan, an dai faɗaɗa ɗakin da ke bayanta. Ungozoma ko malamar Islamiyya da duk ƙauye ya yarda da ita, ƙudurin bai taɓa matakin da za ta fara ba, wato kujerar kansila.

Ta fuskar aiki, mutanen karkara sun saba auna ɗan majalisa da rijiyar burtsatse da keken ɗinki da injin markaɗe. A shekarun baya an saba ware kimanin naira biliyan 100 duk shekara don ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya, sababbin kujeru kuma za su shiga rabon, amma kason mace ɗaya a jiha guda ba zai yi tasirin da ake zato ba idan aka watsa shi a ɗaruruwan ƙauyuka.

Inda za a fi jin bambanci shi ne majalisar jiha, mai amincewa da kasafin asibitocin karkara da makarantun firamare, mai yin dokokin da suka shiga har cikin ɗaki. Jigawa ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2021, Kano a 2023, a 2024 kuma Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Dokar gwajin ta shafi kowace amarya da kowace uwa a jihar, an kuma yi muhawararta a zauren da babu mace. Mata uku cikin 43 ba za su ci ƙuri'a su kaɗai ba, amma suna iya gabatar da ƙuduri, su zauna a kwamitin lafiya, su tambayi kwamishina dalilin da ya sa babu ma'aikaciya mace a asibitin haihuwa da dare.

Gyaran tsarin mulki, bisa sashe na 9, yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, wato sanatoci 73 da wakilai 240, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Idan maganar ta kai wannan mataki, za ta iso Kano da Dutse, kuma masu ɗaga hannu su ne mutum 40 da mutum 30 ɗin nan, waɗanda gidajensu ke cikin garuruwanmu, ana haɗuwa da su a ɗaurin aure da jana'iza da masallacin Juma'a.